LAMIRI A IDON SIGMUND FREUD

'Yan aji shida da ke shirin shiga kwalejin horon malamai ko jami'a za su gamu da sunan Sigmund Freud a darasin sanin halayyar ɗan Adam. Likita ne Bayahude, an haife shi a 1856, ya yi kusan dukan aikinsa a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya rasu a Landan a 1939 bayan ya tsere wa mulkin Nazi. Abin da za mu duba a nan shi ne bayaninsa a kan lamiri, wato muryar nan da ke tuhumar mutum a zuci ko da ba wanda ya gan shi.

A wani littafi da ya fitar a 1923, Freud ya kasa hankalin mutum kashi uku. Na farko shi ne id, mazaunin sha'awa, yunwa da fushi, wanda bai san "jira" ba. Na biyu igo, mai lura da halin da ake ciki, wanda Freud ya kwatanta da mahayi a kan dokin da ya fi shi ƙarfi. Na uku sufa-igo, a nan ne lamiri yake zaune.

A ganinsa ba a haifar yaro da lamiri. Ƙaramin yaro yana barin ɓarna ne don tsoron kada iyayensa su daina ƙaunarsa. Wajen shekara biyar sai ya haɗiye dokokinsu, su zama nasa, ya riƙa tsawata wa kansa da muryarsu. Daga nan ɓoyewa ta ƙare, domin mai gadin ya koma ciki, yana ganin abin da aka aikata da wanda aka yi marmari kawai.

A 1930 Freud ya ƙara wani abu da ya cancanci a tsaya a kai. Ya lura cewa mutanen kirki su ne lamiri ya fi azabtarwa, kuma yaron da aka rena da taushin hannu yana iya tashi da lamiri mai tsanani ƙwarai. Dalili, in ji shi, fushin da yaro ya kasa nuna wa iyayen da yake ƙauna yakan juyo ya afka wa kansa. Ashe ƙarfin muryar lamiri ba shaida ba ce cewa gaskiya take faɗa. Kowane malami ya san ɗalibar da za ta kwana tana kuka don ta faɗi gwaji ɗaya, alhali ba ta cuci kowa ba. Manzo Bulus ma ya yi maganar raunanan lamiri a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 8, kan batun naman da aka miƙa wa gumaka.

Inda na rabu da Freud shi ne nan. In lamiri amsa-kuwwar muryar iyaye ce kawai, yaya za a bayyana yaron da mahaifinsa ya biya kuɗi a sayo masa amsar jarrabawa, shi kuwa ya ƙi karɓa? Muryar wa ya bi? Ko mabiyansa ba su gamsu duka ba. Melanie Klein ta ce tushen lamiri yana tun a jarirantaka, kafin shekarun da Freud ya ambata. Erich Fromm kuma, a 1947, ya raba lamiri gida biyu: mai bin umarnin na gaba saboda tsoro, da wanda ke kiran mutum ya zama abin da ya dace da shi. Fromm, wanda shi ma ya bar Jamus bayan Hitler ya hau mulki a 1933, ya nuna cewa mai lamiri irin na farko yana iya aikata mugunta cikin kwanciyar rai muddin shugabansa ne ya umarce shi, ya kuma ji nauyin laifi ranar da ya ƙi bin umarnin.