Tsofaffin Faya-fayan Jim Reeves da Yadda Ake Sabunta Su

Ina so in yi ɗan bayani a kan wani abu da nake sha'awa ƙwarai, wato tara tsofaffin waƙoƙin Jim Reeves waɗanda aka sabunta sautinsu. Na san da yawa daga cikin abokaina ba su taɓa jin wannan suna ba. Amma in kuka tambayi iyaye ko kakanni da suka yi zamani da garmaho, za ku tarar da yawansu sun san shi, domin ko da yake Ba'amurke ne, waƙoƙinsa sun karɓu a Nijeriya da Afirka ta Kudu da Indiya da Siri Lanka. Abin da nake so mu fahimta shi ne, ba kowane faifan da aka rubuta masa "an sabunta" ne yake ɗauke da abin da mutumin ya rera yadda ya rera shi ba. Gyara daban, ƙari daban, kuma mai tara faya-fayai dole ya san bambancinsu.

Bari mu fara da irin muryar tukuna. Kafin shekarar 1925 ba a ɗaukar waƙa da makirufo. Mawaƙi sai ya tsaya gaban wani babban ƙaho mai kama da mazurari ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, ƙarfin muryar ne yake girgiza allura tana yanka layi a kan kaki. Wanda muryarsa ba ta da ƙarfi ba shi da rabo. Da aka fara ɗauka da lantarki a 1925, sai ya zama mutum zai iya matsowa kusa da makirufo ya rera a hankali, kamar yana yi wa mutum guda magana a kunne. Daga nan ne aka sami mawaƙa masu tattausar murya, waɗanda Bing Crosby ya fi kowa shahara a cikinsu.

Shi Jim Reeves a jihar Teksas aka haife shi a 1923. Ya fara da wasan ƙwallon gora irin na Amurkawa, rauni ya hana shi ci gaba, sai ya koma aikin sanarwa a gidan rediyo. Waƙoƙinsa na farko da suka yi kasuwa, kamar "Mexican Joe" ta 1953 a kamfanin Abbott, da murya sama ya yi su, irin ta mawaƙan karkarar ƙasarsu. Ya koma kamfanin RCA Victor a 1955. A 1957 ne, lokacin da ya ɗauki "Four Walls" a birnin Nashbil tare da Chet Atkins mai kula da ɗaukar waƙoƙinsa, ya saukar da muryar ƙasa, ya matso har leɓensa ya kusa taɓa makirufo. Wannan ita ce muryar da duniya ta san shi da ita, kuma ita ce ta cikin "He'll Have to Go" wadda ya ɗauka a 1959. Ya rasu ran 31 ga Yuli, 1964, sa'ad da ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi kusa da Nashbil cikin hadari. Shekarunsa 40. Ku riƙe wannan rana, za ta yi mana amfani a gaba.

To, me ake nufi da sabuntawa? A zamaninsa a kan tef ake fara ɗaukar waƙa, shi ne tef na asali, daga gare shi ake buga faya-fayan da ake sayarwa. Akwai tsohon faifai mai juyi 78 a minti guda, mai nauyi da saurin fashewa, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a kowane gefe. Akwai babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, da ƙaramin mai juyi 45 na RCA Victor a 1949. Dukansu allura ke cin su a hankali. Ko abin da kamfani yake bugawa da shi ma yana gajiya: Bing Crosby ya ɗauki "White Christmas" a 1942, amma sai da ya sake rera ta a 1947 saboda asalin ya lalace don yawan bugawa. Saboda haka injiniya mai sabuntawa, in da hali, ba ya waiwayar faifan kasuwa. Rumbun kamfani yake shiga ya nemo tef na asali, ya ɗora shi a kan na'ura mai kyau, ya daidaita saurinsa don kada murya ta hau ko ta sauka, sa'an nan ya kwashe sautin ya zuba a kwamfuta. In tef ya ɓace, sai a nemi faifan da ya fi kowanne lafiya a wanke shi a kwafa. Daga nan a bi shi a hankali ana cire ƙas-ƙas da shuu ɗin da tsufa ya jawo. Akwai na'urori na musamman don wannan aiki, kamar CEDAR da aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1980.

A nan ne haɗari na farko yake. Na'urar ba ta da kunne irin na mutum. Shuu ɗin tef da numfashin mawaƙi suna kama da juna a wurinta, kuma shi mai tattausar murya rabin daɗinsa a numfashin yake, da yadda ƙarshen kalma ke mutuwa a hankali. In injiniya ya matsa wa na'urar, sai ta share duka, a bar ka da murya busasshiya kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Ya zama kamar mai wankin da ya yi ta dirzar riga har shuninta ya fita. Ni dai na fi son in ji ɗan shuu a bayan waƙa da in ji an aske mata rai. Akwai kuma masu ƙara wa sauti ƙarfi don ya yi daidai da waƙoƙin yanzu, sai wurin da ya rera a hankali da wurin da ya ɗaga duk su zama ɗaya.

Na biyu ba sabon abu ba ne. Waƙoƙinsa na farko duk a layin sauti guda aka ɗauke su. Da sitiriyo ta shigo, mai raba sauti dama da hagu, sai kamfanoni suka riƙa ɗaukar tsofaffin waƙoƙi suna raba su da dabara, kauri a lasifika ɗaya, siriri a ɗaya, a zuba musu amsa-kuwwa. A faya-fayan RCA na lokacin ana gane su da ƙaramin harafin "e" a ƙarshen lambar faifan. Wannan sitiriyon jabu ce, kuma mai sabuntawa na kirki yakan mayar da waƙar layinta guda yadda take tun asali.

Na uku shi ne ya fi girma a wurin Jim Reeves. Ya rasu ya bar waƙoƙi da yawa da ba a fitar ba, waɗansu kammalallu, waɗansu kuwa gwaji ne kawai da ya yi da ɗan kiɗa kaɗan. Matarsa Mary Reeves da kamfanin suka yi shekaru suna fitar da su. Inda aka ɗauki murya a layi dabam da na kiɗa, ana iya zare tsohon kiɗan a sa sabo, inda kuwa ba haka ba, sai a ɗora sabon a kan tsohon. "Distant Drums", wadda ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a 1966, shekara biyu bayan rasuwarsa, irin waɗanda aka ƙara wa kiɗa ce. A 1979 aka haɗa muryarsa da ta wata mawaƙiya, Deborah Allen, wadda yarinya ce ƙarama lokacin da ya rasu. A 1981 kuma aka fitar da "Have You Ever Been Lonely" yana rerawa tare da Patsy Cline, alhali ita ma ta rasu tun 1963 a haɗarin jirgi, kuma ba su taɓa ɗaukar waƙa tare ba, kowa da kamfaninsa. Kowannensu ya rera waƙar shi kaɗai, injiniyoyi suka yanka suka ɗinke.

Ba na cewa waɗannan ba su da daɗi. Kakana, wanda a wurinsa na gaji faya-fayaina na farko, "Distant Drums" ce ya fi so, kuma da ba a yi mata wannan aiki ba wataƙila da ba ta iso kunnensa ba. Amma dai mutumin bai ji kiɗan ba, bai yarda da shi ba, bai ƙi shi ba. Wanda ya saya yana zaton aikin Jim Reeves ne daga farko har ƙarshe, an ba shi abin da bai nema ba. Ni a kantata nakan ware su gefe guda, na ransa dabam, na bayan ransa dabam.

Yaya mutum zai gane? Ya karanta takardar da ke cikin kwalin kafin ya biya kuɗi. Mai aikin gaskiya yakan rubuta ranar da aka ɗauki kowace waƙa, da wurin, da sunayen makaɗa, da ko daga tef na asali aka kwafa. In ka ga an ce an ɗauki kiɗa bayan Yuli 1964, ka san ƙari ne. Kamfanin Bear Family na ƙasar Jamus ya yi suna a wannan fanni. A 1994 ya fitar da wani akwati mai faifan CD 16 na waƙoƙin Jim Reeves, tare da littafin bayani. Yana da tsada, ba abin ɗan makaranta ba ne sai da taimakon iyaye, amma ko jerin da ke cikin littafin kaɗai ya isa ma'auni. A ɗaya gefen kuma akwai masu araha birjik. Dalili kuwa, a dokar ƙasashen Turai waƙoƙin da aka fitar kafin 1963 haƙƙin ɗaukarsu ya ƙare, kowa na iya bugawa. Irin waɗannan kamfanoni ba su da hanyar shiga rumbun tef, sai su kwafa daga tsohon faifai ko daga CD na wani. Alamarsu ita ce hoto mai kyau a waje, ciki kuwa ba rana, ba wuri, ba sunan injiniya. A intanet ma haka abin yake, waƙa guda za ka gan ta iri biyar, kowace an ce an sabunta ta.

Wannan ne ya sa ba na yar da tsofaffin faya-fayan roba ko da na sami sabon bugu, domin da su nake gwadawa. Nakan sa tsohon, in sa sabon, in saurari ƙarshen kalmomi da kaurin muryar. Ina roƙon iyayen da suke da irinsu a ƙarƙashin gado ko a cikin adaka su fito da su. Zafin bazara yana lanƙwasa faifan roba, ƙurar hunturu kuma tana shiga layukansa ta zama kamar yashi a ƙarƙashin allura. A jera su a tsaye cikin rigunansu, kada a ɗora wani kan wani, a nisanta su da taga da rufin kwano. In za a goge, a bi layin a zagaye da tattausan ƙyalle mai ɗan danshi, a bari ya bushe a inuwa, kuma a riƙe faifan ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa.