Hinjin da ke Rufe Kabad a Hankali

Duk kafinta a Daddara, kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, ya san cewa marfin kabad kan fara lalacewa ne daga hinji. Dalili kuwa shi ne bugu. Idan saurin marfi ya ninka sau 2, ƙarfin bugunsa kan ninka sau 4. Ta haka ne kusoshi ke sassautawa, tangaran ya fashe, yatsun yara su matse.

Maganin wannan shi ne wani ɗan bututu cike da mai, wanda ake sanyawa cikin hinji ko ƙarfen da durowa ke gudu a kansa. Yayin da marfi ya kusa rufuwa, sai ya tura fistin, fistin kuma ya tilasta wa man bi ta wata 'yar ƙaramar kafa. Kaurin man ke rage gudun, ƙarfin bugun ya rikiɗe ya zama ɗan zafi.

Zafin bazara kan tsinka mai, sanyin hunturu ya ƙara masa kauri. Shi ya sa aka fi amfani da man silikon, wanda kaurinsa bai cika sauyawa ba.

Ɗalibai su gwada: a cika sirinji da ruwa, wani da man gyaɗa, a matsa. Wanne ya fi tauri?