Kun Tambaya: Daga Ina Sunan Esposito Ya Samo Asali?

Wannan wasiƙa daga Damagaram ta fito, daga wani ma'abocin kallon ƙwallon Italiya. Yana cewa: "Ina yawan jin sunan Esposito a gasar Serie A. Shin duk masu wannan suna dangi ɗaya ne? Kuma mene ne ma'anarsa?"

To Malam, mun gode da wannan tambaya. 'Yan wasan nan Sebastiano da Francesco Pio Esposito dai wa da ƙane ne. Amma sauran ɗimbin masu amsa sunan ba kaka ɗaya ya haɗa su ba, tarihi ne ya haɗa su.

Sunan ya fito ne daga kalmar Latin, expositus, wato wanda aka ajiye a waje. A taƙaice, ɗan tsintuwa. Cibiyarsa birnin Napoli ne a kudancin Italiya, inda har gobe babu sunan zuriyar da ya kai shi yawa.

A wannan birni akwai gidan renon marayu na cocin Annunziata, wanda aka kafa tun ƙarni na 14. A jikin bangonsa an girka wani akwatin katako mai juyawa. Uwar da talauci ko gudun abin kunya ya sha kanta sai ta lallaɓo, galibi da dare, ta sa jaririn a ciki ta juya. Masu hidima su karɓe shi ta ciki, ba su ga fuskarta ba. Wata takan maƙala masa rabin tsaba ko ɓarin hoton waliyyi, ta riƙe ɗaya rabin, ko Allah zai sa wata rana ta dawo ta shaida ɗanta. Wajen rajista kuwa sai a rubuta masa Esposito.

Kowane gari da nasa salon. A Rum ana ce musu Proietti. A Fulorans Innocenti, daga sunan gidan marayun garin. A Milan kuwa da yawa sun sami Colombo, wato tantabara, domin ita ce tambarin asibitin da ke karɓarsu.

Da aka ga sunan ya zama tabon da ke bin yaro har tsufansa, sai Sarki Joachim Murat na Napoli ya hana raɗa shi ga 'ya'yan tsintuwa a 1811. Akwatin kuma an rufe shi a 1875. Yanzu dokar Italiya ta haramta a ba irin wannan yaro sunan da zai tona asalinsa.

Saboda haka Malam, Esposito na yau gadon sunan ya yi daga kakanni, kuma ba wanda ke yi masa gori a kai.