Yadda ake tseren ninƙaya a gasar Olamfik

Mu da muka koyi iyo a kogin Birnin Kudu da na Gwaram, tserenmu ba shi da wani dogon tsari. Damina ta yi nisa, ruwa ya kawo, sai a tuɓe riguna a jera a bakin gaɓa, wani ya ƙirga uku, wanda ya riga dafa tsallake shi ne gwani. Gardama kuwa ba ta ƙarewa, don ba alƙali. Ranar da na zauna na kalli tseren Olamfik a talabijin tun daga fitowar 'yan wasa har tashinsu, na ga nasu lissafin daban ne.

Kwamin da suke shiga tsawonsa mita 50 ne, an raba shi layi-layi da igiyoyi, kowane layi faɗin mita biyu da rabi. Ruwan ba sanyi ba zafi, digiri 25 zuwa 28. Ana farawa da zagayen tankaɗe da rairaya, inda agogo ke yanke hukunci: kana iya riga kowa a rukuninka kuma ka koma gida. A gajerun tsere 16 ke wucewa zagaye na gaba, 8 su kai na ƙarshe. Wanda ya fi kowa sauri a ba shi layi na 4, a tsakiya, yana ganin abokan karawarsa hagu da dama.

Aske gashin jiki, matse hular roba, ɗaura tabarau, duk wannan an gama shi tun a ciki. Inda gizo ke saƙar shi ne tashi.

Alƙali zai busa usur mai tsawo, kowa ya hau dakalinsa. Ƙafa ɗaya a gaba, yatsunta sun kama bakin dakalin kamar na shaho, ɗayar a baya ta tokare wani ɗan allo mai gangara. A ba da umarnin shiri, mutum ya sunkuya ya riƙe gefen dakalin, sannan ya daskare. Nan ne wahalar. Jiki ya ɗame kamar tsarkiyar baka, nauyi ya rinjaya gaba, zuciya na dukan uku-uku, amma ko ƙafa ba a yarda ta motsa ba sai ƙarar tashi ta fito daga lasifikar da ke bayan kowane dakali. Gwanaye kan bar dakalin cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ka yi nawa, an tafi an bar ka. Ka riga ƙarar, an kore ka, kuma babu a sake.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan. Ranar 19 ga Satumba 2000 a Sidni, rukunin farko na tseren mita 100 mutum uku ne: Karim Bare na Nijar, Farkhod Oripov na Tajikistan da Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini. Biyun farko suka faɗa ruwa kafin ƙara, aka fitar da su. Moussambani, wanda bai taɓa iyo a kwami mai mita 50 ba, ya yi tseren shi kaɗai, ya kai da ƙyar a minti 1 da daƙiƙa 52.72, jama'a na ta sowa. Duniya ta riƙe sunansa, Karim Bare kuwa gaggawa ta haifar masa da nawa.

Shiga ruwan ma da dabararsa. Tafi kan tafi, hannuwa sun matse kunnuwa, jiki ya bi ta inda yatsu suka huda. Mu da muke dirowa da ciki mu fito ya yi jawur mun san kuɗin kuskuren nan. Daga nan sai nutso, ƙafafu a haɗe suna kaɗawa kamar wutsiyar tarwaɗa, amma kai ya ɓullo kafin mita 15, in ban da masu iyon kwaɗo. Yaran garinmu da ke alfahari da doguwar nutso, a nan za su sha mamaki.

Sauran tafiya ce da numfashi, da tuntsura gudun-kan da ake yi a bango a tokare shi da ƙafa a juyo. A ƙarshe akwai allo a jikin bangon da ke tsayar da agogo, kuma sai an danna shi sosai. A Beijin a 2008 Michael Phelps na Amurka ya riga Milorad Cavic na Sabiya da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, 50.58 da 50.59. Da a bakin koginmu ne, da har yau ana musu.

Masu ninƙaya biyu Najeriya ta kai Olamfik ta Faris a 2024, Tobi Sijuade da Adaku Nwandu, dukansu a tseren mita 50. Ni kuwa na ga 'ya'yan masunta a Gwaram suna ratsa kogi yana ambaliya, ba hula ba tabarau. Huhu da ƙarfin hali ba mu rasa su ba. Hukumar wasanni ta jiha ta samar wa yaran nan kwami da agogo da mai koyarwa, ko da guda ɗaya ne a Dutse.