Daidaito Da Wariya: Wane Bambanci Ne Shari'a Ta Yarda Da Shi?

 

Darasin wannan mako ya shafi kalmomi uku waɗanda ba sa barin bakin ma'aikata da masu neman aiki, watau bambanci, da daidaito, da wariya. Mutane da yawa suna cuɗanya su. Wani da zarar an ƙara wa abokin aikinsa girma sai ya ce an nuna masa wariya. Wani kuwa shi ne ke nuna wariyar ƙiri-ƙiri, in an yi masa magana ya ce ai yatsun hannu ma ba ɗaya suke ba. Dukansu biyu sun kauce, kuma abin da ya ɓatar da su shi ne rashin sanin irin bambancin da Shari'a ta amince da shi da irin wanda ta haramta.

Shi bambanci na halitta ba aibu ba ne. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa saɓawar harsunan mutane da launin jikinsu cikin ayoyin Allah, tare da halittar sammai da ƙasa. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati kuma ta bayyana cewa uba ɗaya da uwa ɗaya ne asalin kowa, an rarraba mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ne domin su san juna, girma kuwa a wurin Allah yana ga tsoronSa. Saboda haka ma'aikatar da ta tara Bahaushe da Bayarabe da Babarbare da Banufe ba ta da wata matsala don wannan taruwa. Matsala tana farawa ne ranar da aka mayar da harshe ko asali ya zama ma'aunin albashi da muƙami.

Daidaito shi ne ya fi wuyar ganewa, domin manyan sahabbai ma sun saɓa a kan yadda za a aikata shi. A zamanin halifancin Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, in dukiya ta shigo baitulmali yakan raba ta daidai wa daida: ɗa da bawa, namiji da mace, wanda ya musulunta tun farko a Makka da wanda ya shigo daga baya. Da aka yi masa magana a kan ya fifita magabata, sai ya nuna cewa ladan rigaye yana wurin Allah, wannan kuwa abin zaman duniya ne, kuma daidaitawa a cikinsa ta fi. Da Sayyidina Umar ya hau, ya kafa diwani wajen shekara ta 20 bayan Hijira, watau littafin da aka rubuta sunayen masu karɓar rabo a kowace shekara, sai ya bi wata hanya daban. Ya ce ba zai daidaita wanda ya yaƙi Manzon Allah da wanda ya yi yaƙi tare da shi ba. Ya yanka wa mutanen Badar dirhami 5,000 kowannensu, na bayansu kuma ƙasa da haka, daraja-daraja. Sayyidina Aliyu da ya zo ya koma ga rabon daidai.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura da kyau. Umar ya fifita, amma da me ya fifita? Da aikin da mutum ya gabatar. 'Yantattun bayi waɗanda suka halarci Badar ya ba su daidai da abin da ya ba Larabawan da suka halarce ta. Ya yanka wa Usamatu ɗan Zaidu fiye da abin da ya yanka wa ɗan cikinsa Abdullahi, da ɗan ya tambayi dalili sai ya gaya masa cewa Usamatu da mahaifinsa sun fi shi da mahaifinsa soyuwa ga Manzon Allah. Ke nan halifofin nan sun saɓa a kan ko a saka wa rigaye da kuɗi ko kada a saka, amma babu ɗayansu da ya raba dukiyar jama'a bisa launin fata ko kusanci da gidan halifa. Wannan ne ya sa tsarin albashi mai matakai, inda mai ilmi da daɗewa a aiki yake karɓar fiye da sabon shiga, bai saɓa wa adalci ba, muddin mutum biyu masu aiki ɗaya da mataki ɗaya ba su karɓi albashi iri biyu ba.

A wajen ba da muƙami ma haka abin yake. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri, wanda tsoron Allahnsa da gaskiyarsa ba su da shakka, ya roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi wani shugabanci. Annabi ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ne, kuma nadama ne ranar Alƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. Wannan hani ba wariya ba ne, domin dalilinsa yana cikin aikin kansa. A littafin dai an kawo cewa Nafi'u ɗan Abdulharisi, gwamnan Umar a Makka, ya sadu da halifa a Usfan, aka tambaye shi wanda ya bar wa gari. Ya ce Ibnu Abza, wani daga cikin 'yantattun bayi. Umar ya yi mamaki, sai Nafi'u ya ce mutumin makarancin Alƙur'ani ne, masanin rabon gado. Nan take halifa ya amince. An hana sahabi babba saboda aikin ya fi ƙarfinsa, an ba 'yantaccen bawa Makka saboda ya iya. Sharuɗɗan su ne waɗanda aya ta 26 ta Suratul Ƙasasi ta ambata a kan wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki, watau ƙarfi da amana.

Wariya kuwa ita ce a rage wa mutum haƙƙi ko mutunci saboda abin da bai zaɓar wa kansa ba, kuma bai shafi aikin da ake magana a kai ba. Abu Zarri ɗin nan ya taɓa goranta wa wani mutum da uwarsa, Annabi ya tsawata masa ya ce akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Bayan shekaru, a Rabaza, an gan shi sanye da tufa iri ɗaya da ta yaronsa, kamar yadda Imamu Buhari ya kawo. Abin takaici ne a ce har yanzu a ƙasar Hausa akan ji an ƙi mutum don kakansa mahauci ne, ko maƙeri, ko wanzami, ko a ce ba ɗan gari ba ne alhali a garin aka yanke masa cibiya. Mai faɗin haka yana iya zama a sahun farko a masallaci, amma sunan da Annabi ya ba wannan hali bai sake ba.

Akwai kuma wata wariya ɓoyayya wadda mai yin ta sau da yawa bai san yana yi ba. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman sani a lokacin da Annabi yake kiran manyan Ƙuraishawa zuwa ga Musulunci. Ba a zage shi ba, ba a kore shi ba. Kau da kai kawai aka yi, duk da haka wahayi ya sauka. Daga baya ya zama ladani tare da Bilalu, kuma Annabi ya sha barinsa a kan Madina in zai fita. Irin wannan kau da kai shi ne ake gani a ma'aikatar da ba ta ce ba ta ɗaukar gurgu ba, amma ta ajiye wurin ganawa a saman bene wanda babu hanyar keke; ko wadda ba ta sanar da gurbin aiki a fili, sai dai manya su raɗa wa 'ya'yansu da na abokansu. Ba a rubuta sunan kowa an hana shi ba, amma ƙofa ta rufu.

Dokar ƙasa ba ta yi nisa da wannan ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda ƙabilarsa, ko wurin asalinsa, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko yanayin haihuwarsa. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Musulmin da yake riƙe da ofishi, in ya take waɗannan, ya haɗa laifi biyu: saɓa wa doka da cin amana.

Saura tambayar da ake yawan yi: in ɗan'uwan shugaba ne ya fi kowa cancanta fa? Shari'a ba ta hana a ɗauke shi ba, domin hana shi saboda dangantaka kaɗai shi ma tauye haƙƙi ne. Sai dai abin da ya fi tsare mutunci shi ne shugaban ya janye daga zaman da za a yanke hukunci, ya bar wa wasu. Lokacin da aka soki Umar, ya zaɓi mutum shida su fitar da halifa daga cikinsu, ya ce ɗansa Abdullahi ya halarci zamansu, amma da sharaɗin ba shi da rabo a cikin halifancin.