Gidan Kifi a Cikin Aji

Basunda gari ne a jihar Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan, kusa da iyakar Habasha. Akwai Hausawa da yawa a wannan jiha. Suna noman dawa da riɗi, wasu kuma suna su a kogin Rahad, wanda yake gangarowa daga duwatsun Habasha. Da rani kogin yana janyewa, sai ya bar tafkuna cike da ƙananan kifaye.

Wata rana ƴan wani aji suka samu akwatin gilashi. Tsawonsa santimita 60, faɗinsa 30, tsayinsa 30. Murna ta kama su. Nan da nan suka wanke shi da sabulu, suka cika shi da ruwa, suka aje shi a bakin taga. Suka zuba ƙananan karfasa 20 da tarwaɗa guda, suka watsa musu dusa cike da hannu.

Bayan kwana uku ruwan ya yi fari, yana wari. Kifaye 12 sun mutu. Sauran sun taso sama suna buɗe baki. Wata yarinya ta fashe da kuka.

Malam ya aika aka kira wani tsohon masunci. Tsohon ya duba akwatin, ya girgiza kai ya ce: "Ƴaƴana, ruwa ba ya tsami banza. Wa ya haɗa tarwaɗa da ƴaƴan karfasa? Ai haɗiye su za ta yi. Kuma kun yi musu yawa. Ku ma in an cusa ku ɗari a ɗaki guda, za ku iya numfashi?"

Wani yaro ya ce: "Baba, kifi ma yana numfashi?"

Tsohon ya ce: "Ƙwarai kuwa."

Malam ya yi musu bayani. Akwai iska a narke cikin ruwa, ana kiran ta oksijan. Kifi yana haɗiyar ruwa ta baki, yana fitar da shi ta gefen kansa, ta haka yake samun iskar. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa, shi ya sa ba a aje kifi a rana. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama guba mai suna amoniya. Sabulu ma guba ne ga kifi. Amma akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani. Suna zaune a jikin tsakuwa, suna cinye gubar. Kafin su yi yawa a sabon akwati, sai an yi sati 4 zuwa 6.

Yara suka mai da kifayen da suka rage tafki, suka sake aiki daga farko.

Suka ɗora akwatin a kan teburi mai ƙarfi, a inuwa, don lita guda ta ruwa tana da nauyin kilo guda. Suka wanke yashi da tsakuwa da ruwa zalla, suka shimfiɗa a ƙasa. Suka zuba ruwan da ya kwana a buɗe, don maganin da ake sa wa ruwan famfo ya fita. Masunci ya kawo musu ciyawar ruwa da kainuwa. Ya tsince duk katantanwar da ke jiki, don wasu katantanwa na tafki suna ɗauke da tsutsar da ke kawo fitsarin jini. Kullum sai a jefa ɗan ƙwayar dusa, a bar akwatin ba kifi.

Jira ya yi wa yara wuya. Malam ya ce musu: "Sannu ba ta hana zuwa."

Da sati 5 suka cika, aka sa ƴaƴan karfasa 2. Bayan sati 2 aka ƙara 2. Ana ba su abincin da za su cinye cikin minti 2 kawai. Kowace Alhamis ana kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuba sabo. Wanda ya taɓa ruwan sai ya wanke hannu.

Kifi ko guda bai sake mutuwa ba. Wata rana yara suka ɗebo tsutsotsin sauro daga wata tsohuwar randa, suka zuba. Kafin ƙiftawar ido kifayen sun cinye su. Malam ya ce: "Kun gani? Kifi yana taimakon mu yaƙi da sauro mai kawo masassara."

Da karfasa suka kai tsawon tafin hannu, akwatin ya yi musu kaɗan. Yara suka bi masunci, suka mai da su tafkin da aka kamo su.

Ko kun sani?
Mutanen ƙasar Sin sun fi shekara 1000 suna kiwon jan kifi don ado. An buɗe gidan kifi na farko don jama'a a birnin Landan a 1853. Uwar karfasa tana riƙe ƙwayayenta a cikin baki har su ƙyanƙyashe.

Kalmomi da Faransanci
kifi: le poisson
gidan kifi: l'aquarium
masunci: le pêcheur
yashi: le sable
sauro: le moustique

Tambayoyi
1. A wace ƙasa Basunda take?
2. Waɗanne kurakurai yara suka yi da farko?
3. Don me ba a aje akwatin kifi a rana?
4. Me ya sa masunci ya tsince katantanwa?
5. Mene ne ma'anar "ruwa ba ya tsami banza"?

Aiki
1. Lita guda daidai take da santimita 10 × 10 × 10. Ku lissafa lita nawa akwatin yake ɗauka.
2. Ku tambayi iyayenku sunayen kifaye 5 na yankinku, ku rubuta su cikin littafinku.