Jinyar Tsofaffi Idan Ajali Ya Gabato: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

Sau da yawa idan ciwon tsoho ya yi tsanani aka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce babu sauran maganin da zai warkar da shi, sai 'yan'uwa su ɗauko shi su komo gida suna cewa, "An sallame mu, sai addu'a." Daga nan a shimfiɗa masa tabarma a ɗakin ƙurya, a ja ƙofa, kowa ya koma sha'aninsa. Addu'a kam wajibi ce, amma akwai sauran aiki. Tsohon da ya rage masa mako uku ko wata biyu a duniya yana iya yin su cikin tsabta da sauƙi, yana kuma iya yin su cikin gyambo da wari da nishi. Abin da zai same shi daga cikin biyun nan yana hannun masu jinyarsa. Domin haka aka shirya wannan darasi, hakimai da malamansu su karanta, kana su bayyana wa dagatai da masu unguwa.

1. Asalin wannan ilmi

Wata mata 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ce ta mai da jinyar masu bakin mutuwa ilmi mai ƙa'ida. Ta fara da aikin jinya, daga baya ta zama likita. A 1967 ta buɗe wani gida a birnin Landan mai suna St Christopher, musamman domin waɗanda cutarsu ba ta warkuwa. Ta koyar cewa wahalar mai bakin mutuwa iri huɗu ce a haɗe, watau ta jiki, da ta zuciya, da damuwa kan iyali, da tunanin makoma. Wanda ya kula da ɗaya ya bar uku bai gama jinya ba.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ba da maganin zogi ga masu ciwon daji. A 1993 wata likita, Anne Merriman, ta kafa irin wannan aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, inda ma'aikatan jinya ke bin majinyata har gidajensu. A 2014 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar cewa wannan jinya wani sashe ne na aikin lafiya da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan aikin ba ya bukatar na'ura ko kuɗi masu yawa. Ruwa da sabulu da haƙuri su ne jarinsa.

2. A fara tabbatarwa

Ba kowane tsoho da ya kwanta ne ajalinsa ya zo ba. Zazzaɓin cizon sauro, da ciwon haƙarƙari, da ciwon mafitsara, da gudawa, da hawa ko faɗuwar sukari, duk suna iya kayar da tsoho cikin kwana biyu har ya daina gane mutane, alhali kuwa suna da magani. Tarin da ya wuce mako biyu yana iya zama tarin fuka, wanda ake warkarwa, wanda kuma yake kama sauran mutanen gida. Saboda haka kada a yanke wa kowa ƙauna da cewa "ai tsufa ne" sai ma'aikacin lafiya ya duba shi. Idan ya duba ya tabbatar, sa'an nan a juya ga jinyar da za a bayyana a ƙasa.

3. Kwanciya da fata

Babban abokin gaban wanda ya daɗe a kwance shi ne gyambon kwanciya. Dalilinsa kuwa, nauyin jiki yana danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa isa wurin, naman ya mutu. Wuraren da ya fi fitowa su ne tsatso, da gefen ƙugu, da dunduniya, da kafaɗa, da gwiwar hannu. Alamarsa ta fari ita ce wurin ya yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi zafi, ko tauri.

Rigakafinsa shi ne a riƙa juya majinyaci kamar kowace sa'a biyu, daga dama zuwa baya, daga baya zuwa hagu. Mutum biyu su ɗaga shi da zanen da yake kai, kada a ja shi a kan shimfiɗa, domin fatar tsoho ba ta da wuyar salewa. A sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a sa wani a ƙarƙashin ƙwabrinsa yadda dunduniya ba za ta taɓa shimfiɗa ba. Idan an sa leda a kan katifa, lalle a rufe ta da zane mai laushi. Da zarar ya yi fitsari ko bayan gida, a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a tsane jikin, a shafa man kaɗanya a inda fata ta bushe. Wurin da ya riga ya yi duhu kada a murza shi. Mai jinya ya wanke hannunsa da sabulu kafin aiki da bayansa, kuma a rufe wa majinyaci al'aurarsa, gama tsufa ba ya kawar da kunya.

Ɗakin ya zama mai taga da iska da haske, kusa da jama'ar gida, a rataya gidan sauro.

4. Ci da sha

Idan mutum ya kusa cikawa jikinsa yakan daina bukatar abinci. Wannan yana tayar wa iyali hankali ƙwarai, har su kama yi masa ɗura don kada a ce sun bar shi da yunwa. Ɗura tana da haɗari, domin maƙogwaronsa ya raunana, kunun yana iya bi ta hanyar iska ya shiga huhu, ya jawo ciwon haƙarƙari ko ya shaƙe shi. A tayar da shi zaune, a ba shi abin da ransa ke so kaɗan kaɗan da cokali, kamar koko ko kunu mai kauri ko romo. In ya kau da kai, a ƙyale shi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuwa kada a zuba masa kome a baki.

Abin da ya fi damunsa a lokacin shi ne bushewar baki. A jiƙa ƙyalle mai tsabta a goge masa harshe da dasashi sau da yawa a yini, a shafa masa mai a leɓe.

5. Zogi

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ita ce a ba da maganin zogi ta baki, a kan lokaci, kuma daki daki, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Ma'anar "a kan lokaci" ita ce kada a jira sai majinyaci ya fara kuka kafin a ba shi, gama zogin da aka tare ya fi sauƙin kashewa bisa wanda ya riga ya taso.

Matakin farko shi ne farasitamol. Babban mutum ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin sa'a 24, tsoho ramamme kuwa ƙasa da haka ya kamace shi. Magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis, irin su diklofenak da ibufurofen, suna iya ɓata ƙodar tsoho ko su sa cikinsa zubar jini, saboda haka kada a ba shi sai da izinin likita.

Zogi mai tsanani, irin na ciwon daji, maganinsa mofin ne, wanda likita ke rubutawa. Akwai na ruwa da ake sha kowace sa'a huɗu. A Yuganda tun 2004 doka ta yarda ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta shi, domin likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Mutane da yawa suna tsoronsa, suna zaton yana gaggauta mutuwa. Idan an bi awon da likita ya faɗa ba ya yin haka. Sai dai yana ɗaure ciki, don haka akan haɗa shi da maganin sassauta bayan gida. A ajiye shi a kulle, nesa da yara da samari, abin da ya rage kuma a mayar asibiti.

6. Gigin tsufa

Wasu tsofaffi sukan manta sunan 'ya'yansu, su fita da dare su ɓace, su yi magana da waɗanda suka daɗe da rasuwa, ko su amsa laifin da ba su yi ba. Wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kamar yadda yanar ido take cutar ido. Amma a wurare da dama jahilci yakan sa a kira irin wannan tsohuwa mayya, a guje ta, a jefe ta, wani lokaci har a hallaka ta. Hakimin da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin irin wannan zargi kada ya jira sai an taru. Ya kira mai unguwa da liman da dangin tsohuwar nan da nan, ya sa ta ƙarƙashin kariyarsa, ya sanar da 'yan sanda in akwai barazana. A gida kuwa kada a ɗaure mai gigin tsufa, kada a yi masa gardama. A yi masa magana a hankali, a bar fitila a ɗakinsa da dare.

7. Kwanakin ƙarshe

Alamun kusantowar ajali su ne yawan barci, da raguwar fitsari, da sanyin hannu da ƙafa, da numfashi mai tsayawa ya dawo, da kakari a maƙogwaro. Kakarin nan majina ce da ya kasa haɗiyewa, kuma ya fi damun masu saurare bisa shi kansa. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga kansa. Masana suna ganin ji yana daga cikin abin da ke saura har ƙarshe, saboda haka kada a yi zancen gado ko likkafani a kansa.

Tun yana da hankalinsa a ba shi dama ya yi wasiyya gaban shaidu, ya faɗi bashin da ke kansa da amanar da ke hannunsa, ya ga wanda yake so su yafi juna. In ya tambayi gaskiyar halinsa, a faɗa masa da taushin harshe. A taimake shi ibada gwargwadon ikonsa, a kira masa malami ko shugaban addininsa, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

8. Aikin hakimi da malaminsa

Na ɗaya, kowane dagaci ya san tsofaffin da ke kwance a ƙasarsa, musamman waɗanda ba su da ɗa ko jika kusa. Malamin hakimi ya buɗe littafi ya rubuta sunansu, da unguwarsu, da wanda ke jinyarsu.

Na biyu, a kai wannan lissafi ga ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa, a nemi ya riƙa leƙa su.

Na uku, a duba halin masu jinya. Yawanci nauyin yakan faɗa kan mace ɗaya, mata ko 'ya ko suruka, dare da rana, har ita ma ta kwanta. Mai unguwa ya tara dangi a raba kwana, maza kuma su ɗauki jinyar mahaifinsu. Inda babu hali, a tuna da gidan wajen rabon zakka da taimakon masu sukuni.

Na huɗu, idan rasuwa ta auku a kai rahoto ga magatakardan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, gama dokar 1992 ta wajabta rubuta haihuwa da mutuwa a Nijeriya.

Talakawa suna koyi da abin da suka ga shugabansu ya yi. Hakimin da ya fita rangadi ya tsaya ƙofar wata tsohuwa marar gata, ya tambayi wanda ya juya ta yau da wanda zai kwana wurinta, ya koya wa garin nan darasin duka.

Tambayoyi domin bita

(a) Waɗanne cututtuka ne ke kayar da tsoho alhali suna da magani?
(b) Me ke kawo gyambon kwanciya, kuma yaya ake rigakafinsa?
(c) Don me aka hana yi wa mai bakin mutuwa ɗura?
(d) Wane mataki hakimi zai ɗauka idan aka zargi tsohuwa da maita?